Wasannin kwamfuta: ƙarfin na'ura ko bukatar mai saye?

A watan Afrilu na shekara ta 1989, kamfanin Nintendo na ƙasar Japon ya fito da wata 'yar na'urar wasa wadda ake riƙewa a hannu, mai suna Game Boy. Injiniya Gunpei Yokoi shi ne ya jagoranci aikin. Allonta ba shi da launi sai toka-toka mai ratsin kore, kayan cikinta kuwa tsofaffi ne masu arha. Da gangan ya zaɓe su, domin ra'ayinsa shi ne a ɗauki fasahar da ta riga ta zauna a yi mata sabon amfani.

Abokan hamayya sun bi wata hanya dabam. A cikin shekarar nan kamfanin Atari na Amurka ya fito da Lynx, sa'an nan a 1990 kamfanin Sega ya kawo Game Gear. Dukansu biyu suna da allo mai launi da haske, sun kuma fi Game Boy ƙarfi nesa ba kusa ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Hasken allon nan yana shan wuta ƙwarai. Game Gear tana cin batir 6, irin na ƙaramar rediyo, cikin awa 3 zuwa 5. Game Boy da batir 4 tana wuce awa 10. A Amurka an sayar da Game Boy wajen dala 90, Game Gear dala 150, Lynx kuwa dala 180. Uban da zai saya wa ɗansa ya san lissafin nan. Bugu da ƙari, can Amurka an haɗa Game Boy da wasan Tetris na Alexey Pajitnov, mutumin Rasha, wasan da yaro da dattijo ke ganewa cikin minti guda.

Daga ƙarshe an sayar da Game Boy, har da ƙanwarta mai launi ta 1998, fiye da miliyan 118. Game Gear ta tsaya wajen miliyan 11.

Duk da haka masu neman ƙure na'ura suna da nasu amfani. Wasan Quake na 1996 da irinsa sun sa jama'a neman kwamfuta mai zana hoto da sauri, masana'antu kuma suka dage wajen kyautata ta. Haɗarin yana zuwa ne in mai ƙira ya manta da na'urar da ke ɗakin mai saye. A Disamba 2020 wasan Cyberpunk 2077 ya fito, ya kasa tafiya sosai a kan PlayStation 4. Kamfanin Sony ya janye shi daga kasuwarsa, aka mayar wa masu saye kuɗinsu, bai koma ba sai Yuni 2021.

Saboda haka, mai karatu, in an yi maka tallar sabuwar na'ura, kafin ka dubi kyan hotonta tambayi farashinta, da wutar da take sha, da wasannin da za ta iya ɗauka.