Edward: Sunan da Yaƙi Ya Kusa Binnewa

Idan aka ce an ci ƙasa da yaƙi, gonaki da gadon sarauta ake fara tunawa, amma har sunayen mutane yaƙi kan ci. Haka aka yi a Ingila bayan 1066, shekarar da William na Normandi ya tsallako teku daga Faransa ya karɓe mulki. Sannu a hankali iyaye suka watsar da sunayen kakanninsu, suka koma raɗa wa 'ya'yansu na sababbin iyayengiji, irin su William da Robert da Richard da Henry.

Edward na cikin 'yan ƙalilan da suka sha da kyar. Kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi aka haɗa: "ead", wato arziki, da "weard", wato mai tsaro. Mai tsaron arziki ke nan, kusan abin da mu za mu ce ma'aji, sai dai a can suna ne, ba sarauta ba.

Abin mamaki, sarkin da rasuwarsa ta jawo wancan yaƙi shi ne ya ceci sunan. Sarki Edward, wanda ya gina cocin Westminster a Landan, ya rasu a Janairun 1066 bai bar ɗa ba, aka shiga rigimar gado. Mutane sun shaide shi da ibada, har Paparoma ya ayyana shi waliyyi a 1161. Daga baya aka yi Sarki Henry na Uku, wanda ƙaunar wannan waliyyi ta kama shi ƙwarai. Ya sake gina cocin, kuma da aka haifa masa magaji a 1239 ya sa masa Edward. A fadar da Faransanci ake yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da sarki ya so kuwa, talakawa ba sa ƙin sa.

Tun daga nan an yi sarakuna takwas masu sunan, ban da na kafin yaƙin, waɗanda ba a sa su a lissafi. Na bakwai ne ke kan gado a 1903 lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Na takwas ya ajiye sarauta a 1936 don ya auri wata bazawara 'yar Amurka.

Sunan ya kuma yi tafiya. Mutanen Sipaniya na cewa Eduardo, a Fotugal akwai Duarte. A gida kuwa akan mai da shi Ed ko Ned ko Ted, kamar yadda Abubakar kan koma Habu ko Garba.

A farkon ƙarni na 20 yana cikin sunaye goma da aka fi sa wa yara maza a Amurka. Yau ko cikin ɗarin farko ba ya shiga a can, amma a Ingila har gobe ana raɗa shi.