Wuri: Daga Tekun Indiya Zuwa Kitson 'Yarki

Uwargida, in kin leƙa wajen masu kayan kitso a kasuwar Suleja, za ki ga wuri a faranti. Ko kin san kowace ƙwaya gidan wata halitta ce mai rai?

Wuri ɗan'uwan dodon koɗi ne, sai dai shi a teku yake zama. Ba ya shiri da sanyi. Ya fi yawa a ruwan ɗumi marar zurfi na Tekun Indiya, musamman tsibiran Maldibs da gaɓar Zanzibar. Da rana yakan laɓe a ƙarƙashin duwatsu, da dare ya fito kiwon gansakuka. Sheƙin nan da kike gani ba goge shi aka yi ba. Dabbar tana da wata tattausar fata da take lulluɓe gidanta da ita, ita ce ke hana shi dusashewa. Macen kuwa kwanciya take yi a kan ƙwayayenta, tana gadinsu har su ƙyanƙyashe.

Lokacin da Sarki Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, wuri ne abin ciniki a ƙasar Hausa. Kalmar "kuɗi" ma asalinta jam'in wuri ce. A 1851 Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar a Kano ana ba da wuri 2,500 a kan riyal ɗaya na azurfa.

Yau ya koma ado, kuma a nan ne ake buƙatar lura. Wuri bai wuce gaɓar yatsa ba, ga shi da santsi, yaro ƙasa da shekara 3 kuwa komai baki yake kaiwa. In zaren ya tsinke, ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe masa numfashi. Don haka kada a sa wa jariri wuri a wuya, hannu ko gashi.

In ya shaƙe yana tari, ki bar shi ya yi tarin. In ya kasa kuka da numfashi, kuma bai kai shekara ɗaya ba, ki kifa shi a kan hannunki, kansa na ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5. Bai fito ba, ki juya shi, ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5. Ki riƙa maimaitawa ana hanyar asibiti. Kada ki lalubi maƙogwaronsa da yatsa, don kada ki ƙara tura shi ciki.

In a hanci ko kunne ya shige, kada a taɓa da tsinke. A kai shi asibiti.