Tausayin da ke zaunar da yaro a gindin bishiya

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, yaro ɗan shekara bakwai ya san aikinsa. Shi zai kai awaki kiwo, shi zai kai abinci gona. Amma idan cutar shan inna ta taɓa masa ƙafa, ko an haife shi ba ya ji, sai gida ya sauke masa komai. Ya ɗauki tsintsiya a karɓe, ya nufi zaure a kira shi ya dawo. "Ku bar shi, ai ba shi da lafiya," in ji kakarsa, kuma da zuciya ɗaya take faɗa.

Makaranta ma haka. Hanya da nisa, ga yashi, ga yara masu tsokana, sai uwa ta ga gara ya zauna kusa da ita. Akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, amma tana cikin birnin Kano, kuma iyaye da yawa ba sa iya rabuwa da ɗan da suka saba yi wa komai. Dokar da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba irin waɗannan yara damar karatu kyauta har sakandare, sai dai doka ba ta shiga tsakar gida ta ɗauko yaro.

Illar ba ta fitowa sai ranar rabon gado. A wannan yanki gona ƙarama ce, ba a barin ta ta huta, taki da ƙwadago ke riƙe ta. Wanda bai taɓa sanin lokacin shuka ba, bai san farashin taki ko yadda ake ɗaukar 'yan ƙwadago ba, kasonsa sai ya koma hannun 'yan'uwa da sunan riƙo. Da kaka a ba shi 'yan damman gero. Wasu daga nan tasha suke nufa, su fara bara.

Alhali aikin da ake yi a zaune ba ya ƙarewa a ƙauye: ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, ɗinkin hula, tsaron tireda, yanzu har da cajin waya da POS. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan inna ta kama tun yana ƙarami, ya yi suna wajen ƙera kekunan guragu, yana kuma koya wa 'yan'uwansa walda.

An ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020. Yaran da cutar ta kama bayan Kano ta dakatar da rigakafi a 2003 yanzu sun haura shekara ashirin, iyayen da ke ɗawainiya da su kuma ƙarfi ya fara ƙare musu.