Wanke jikin kwalekwale

Wanke jikin kwalekwale aiki ne na cire laka, gansakuka, tsatsa, maiƙo da sauran dattin da ke manne wa ƙasan jirgin ruwa da gefunansa da cikinsa. A tsakiyar Jihar Jigawa yawancin jiragen su da na fito na katako ne, don haka wankin wani ɓangare ne na gyaran jirgi. Datti yana riƙe danshi a jikin katako, yana kuma rufe tsaga da ruɓa da sakakkiyar ƙusa, ta yadda mai jirgi ba zai gan su ba sai ruwa ya fara shiga. Kowane irin tabo yana da musabbabinsa, kuma abin da ke fitar da wani ba lalle ya fitar da wani ba.

Ruwayen yankin da jiragensa

Garin Dutse, babban birnin Jigawa tun da aka kafa jihar a 1991, yana cikin duwatsu ne kuma ba shi da babban kogi. Ruwa mafi kusa da ake su a cikinsa shi ne madatsar ruwan Warwade. Idan aka nausa arewa sai a shiga kwarin Kogin Haɗeja, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Chalawa, ya ratsa Wudil da Ringim ya nufi Haɗeja da fadamun Haɗeja da Nguru. Ƙananan hukumomin Ringim, Taura, Jahun, Miga, Kafin Hausa da Auyo duk suna da fadamun da ruwa ke malalewa a cikinsu. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da kogi ke cika, ƙauyuka da dama ba su da hanyar zuwa gona ko kasuwa sai ta kwalekwale.

Jiragen yankin iri biyu ne. Akwai wanda masassaƙa ke fafewa daga gungume guda, akwai kuma wanda kafintoci ke haɗawa da falankan katako da ƙusoshi, a toshe mahaɗansa da tsumma ko auduga da narkakkiyar kwalta. Galibi da filafili ko doguwar sanda ake tuƙa su, kaɗan ne ke da inji.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Chalawa da aka kammala a 1992 sun sauya yadda kogin ke gudu. A da yakan cika da damina ya janye da rani, yanzu kuwa ana sako ruwa a yawancin watannin shekara. Wannan ya taimaka wa ciyawar kachala ta mamaye magudanai da dama, ruwa ya rage gudu, laka da ruɓaɓɓen ganye suka yawaita. Jirgin da ke kwana a irin wannan ruwa ya fi saurin yin datti a kan wanda ke cikin ruwa mai gudu.

Ire-iren datti

Yauƙi da gansakuka. Cikin 'yan kwanaki da sa jirgi a ruwa, ƙwayoyin bakteriya ke shimfiɗa wani siririn yauƙi a jikinsa. A kan wannan yauƙin ne gansakuka ke kamawa. Da yake tana buƙatar hasken rana, ta fi yawa a gefen jirgi daidai inda ruwa ya tsaya da ɗan ƙasa kaɗan.

Laka da yashi. Ruwan damina yana ɗauke da jar ƙasa da taɓo. Suna taruwa a kusurwoyin cikin jirgi, a ƙarƙashin katakon zama da kuma tsakanin falankai, inda ba sa bushewa.

Jan zobe. Ganyen da ya ruɓe a ruwa yana sakin sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi ne ke barin layi mai launin ruwan shayi a kewayen jirgi, wanda ya fi fitowa a jikin jirgi mai farin fenti.

Tsatsa da baƙin tabo. Ƙusa ko facin kwano da ya jiƙe yana tsatsa, jan ruwanta ya gangaro. Idan kuma ƙarfen ya haɗu da tanin ɗin da ke cikin katakon kansa, wurin yakan yi baƙi ƙirin. Da irin wannan haɗuwar ce dukawa ke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa.

Maiƙo. Ya haɗa da yauƙin kifi da jininsa da ɓawonsa, waɗanda ke kawo ƙarni da ƙudaje, da kuma fetur da man inji a jiragen da ke da inji.

Alaƙar datti da ruɓewar katako

Funfunar da ke ruɓar da itace tana buƙatar danshi da iska a lokaci guda. Busasshen katako, wanda danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓa. Wanda ya nutse gaba ɗaya inda iska ba ta kai masa shi ma yana daɗewa. Kwalekwalen Dufuna misali ne. An gano shi a 1987 a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe lokacin da wani makiyayi ke haƙa rijiya, kuma masu bincike daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun tabbatar ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, kuma abin da ya adana shi shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta binne shi ta hana iska shiga.

Jirgin da ake aiki da shi kullum yana tsakanin waɗannan halaye biyu. Wuraren da suka fi ruɓa su ne daidai layin ruwa da kuma cikin jirgi a ƙarƙashin laka, domin a nan ne katako ke jiƙe alhali iska na kai masa. Baƙin tabo a gindin ƙusa ma alama ce, domin tsatsa tana cin ƙusar tana kuma raunana katakon da ke kewaye da ita har ƙusar ta saki. Ban da haka, gansakuka tana sa jikin jirgi ya yi kaushi, sai ya ƙara nauyin tuƙi, jirgi mai inji kuma ya ƙara shan mai. A cikin jirgi kuwa yauƙi yana sa santsi, fasinja ya zame, kuma a ƙaramin kwalekwale zamewar mutum ɗaya na iya karkata jirgin gaba ɗaya.

Yadda ake wankewa

Ƙaramin wanki na kullum ne: a kwashe ruwan da ya taru, a share laka da ɓawon kifi, a ɗauraye. Babban wanki kuwa sai an fitar da jirgi, kuma ya fi dacewa sau biyu a shekara, bayan ruwa ya janye da kaka da kuma kafin damina ta kankama.

Ana jawo jirgi tudu nesa da bakin ruwa, a kife shi a kan gungumai ko duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, saboda gara da danshi. Ana fara kankara tun jikinsa yana jiƙe, domin gansakuka da laka idan suka bushe suna ƙanƙamewa. Abin kankara na katako ko na roba ya fi, kuma ana bin tsawon katakon ne. Wuƙa ko fartanya suna yankar katako, su kuma ɓamɓare kwaltar da ke mahaɗai.

Bayan kankara sai a wanke da ruwa da sabulu ko omo, a goge da soso ko buroshi mai tauri. Toka da yashi mai laushi suna taimakawa, domin toka tana narkar da maiƙo kamar yadda take yi a wankin tukwane, yashi kuma yana goge abin da ya manne. Yashi yana cin fenti, don haka an fi amfani da shi a katakon da ba a yi wa fenti ba. Ana wanke yanki-yanki, a ɗauraye kowane yanki kafin sabulu ya bushe a kansa.

Shanya a inuwa ake yi. Zafin rana na bazara da busasshiyar iskar hunturu suna sa katako ya tsuke da sauri har ya tsage, mahaɗai su buɗe. Idan jirgi ya sha iska sai a bi shi da dubawa. Ana danna tsinin wuƙa a wuraren da ake shakka, inda ya nutse cikin sauƙi to ya ruɓe. Ana ƙwanƙwasa falankai, domin lafiyayyen katako yana da amo, ruɓaɓɓe kuwa ba shi da shi. Sai a canza ƙusoshin da suka ci tsatsa, a cire ruɓaɓɓen wuri a yi faci, a sake toshe mahaɗai. Kwalta da fenti ba sa kama jiƙaƙƙen katako ko mai maiƙo, kuma idan aka shafa su a kan danshi sai su kulle shi a ciki. Bayan gyara ana mayar da jirgi ruwa marar zurfi a bar shi ba kaya, katako ya kumbura mahaɗai su matse, kafin a ɗauki mutane.

Cire tabon da sabulu bai fitar ba

Jan zobe da tsatsa da baƙin tabon ƙarfe ba sa jin sabulu, abu mai tsami ne ke narkar da su. Ruwan lemun tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya suna rage ƙaramin tabo idan aka shafa aka bari na 'yan mintoci sannan aka goge aka ɗauraye. Magungunan wanke jirgi na kanti da yawa an yi su ne da asid ɗin oksalik, wanda ya fi waɗannan ƙarfi, kuma guba ne idan aka sha. Ko da tabon ya fita zai dawo muddin ƙusar da ta haifar da shi tana nan.

Bilic yana kashe gansakuka da funfuna, amma ba ya fitar da tsatsa, kuma mai ƙarfinsa yana sa fuskar katako ta yi laushi. Ana tsarma shi da ruwa sosai. Ba a haɗa bilic da wani abu mai tsami, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu da idanu.

Man inji ana fara tsotse shi ne da garin katako ko busasshen yashi, a kwashe, sannan a wanke da omo. Wanke shi da fetur yana jawo gobara, yana kuma narkar da kwaltar mahaɗai.

Jiragen faiba da na alminiyum

Hukumomi da masu aikin ceto suna amfani da jiragen faiba da na alminiyum. Faiba ba ta ruɓa, amma fuskarta mai sheƙi tana ƙarcewa da yashi ko soson ƙarfe, kuma datti ya fi kama wurin da ya ƙarce. Soson ƙarfe yana barin ɓurɓushi da ke zama ɗigon tsatsa. Alminiyum kuwa toka da kanwa da soda mai ƙarfi suna cin sa, don haka sabulu marar ƙarfi da soso mai laushi ne suka dace da shi.

Lafiya da muhalli

Ruwan fadama marar gudu mazaunin ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini. Tsutsar cutar tana fita daga katantanwa ta shiga jikin mutum ta fata. Wanda ya daɗe tsaye a ruwa yana goge jirgi yana cikin haɗarin kamuwa, musamman yara da akan bar wa wannan aiki. Yin wankin a tudu da sa takalmin roba da safar hannu suna rage haɗarin.

Ruwan wanki mai omo, bilic ko mai yana cutar da kifi da ƙwayayensa idan ya koma kogi, kuma a ruwan nan ne ake shayar da dabbobi da yin ban-ruwa. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu ke shafa wa katako don korar ƙwari, yana ɗauke da sinadarai masu guba da ke wankewa cikin ruwa. Abin da aka kankare daga jirgi a tudu ake barin sa ya bushe. Idan za a ɗauki jirgi daga wani ruwa zuwa wani, wanke shi da busar da shi yana hana kai irin kachala, kainuwa ko katantanwa inda babu su. Wannan yana da muhimmanci ga wurare irin su dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

A sauran duniya

A teku matsalar ta fi tsanani, domin akwai halittu masu ɓawo da ke manne wa jirgi da wata tsutsa mai huda katako, waɗanda ba a samun su a Kogin Haɗeja. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta gwada lulluɓe ƙasan jirgin yaƙi mai suna Alarm da falankan tagulla, kuma dabarar ta bazu bayan haka. Daga baya aka ƙirƙiro fenti mai sakin guba a hankali. Wanda ya fi shahara, mai sinadarin TBT, an gano yana lalata halittun teku, sai Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a 2008. A Najeriya, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin ƙa'idojin lafiyar jiragen da ke zirga-zirga a koguna. A ƙauyukan bakin ruwa kuwa sarkin ruwa ne ke shugabantar masunta da masu fito.

Duba kuma

Kogin Haɗeja
Fadamun Haɗeja da Nguru
Kwalekwalen Dufuna
Kachala
Tsargiya