Guba ba ta hana kyanwa tone lambu

Tun da kayan miya suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da dama sun koma shuka alayyafo, latas da tumatir a tsakar gida, wasu a fangali, wasu a buhu. Madalla da hakan. Sai dai ga kyanwar maƙwabta: ka zuba iri, wata rana ka wayi gari ta tone wurin, ta yi kashi ta binne, ɗan tsiron da ya leƙo duk ya kwanta. Dole mutum ya ji haushi. Yadda wasu ke ramawa ne abin takaici.

A unguwarmu wani magidanci ya bulbula fiya-fiya a kan guntun kifi, ya ajiye a murfin kwano a gindin zogale. Kyanwar ta shinshina ta yi gaba abinta. Kajin matarsa ne suka yi wa kifin rubdugu, kafin azahar an kwashe su a mace, murfin kuma daga hannun yaro mai rarrafe aka fizge shi. Haba jama'a! A ce babba da hankalinsa ya ajiye guba a ƙasa, a gidan da yara ke yawo, saboda fangali guda na latas? Irin wannan sinadarin ne fa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni tun 2019 saboda rayukan da yake ci. Ga kuma alhaki: ɗan makarantar allo ma ya san labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har ta mutu. Ko da gubar ta ci, wata kyanwar za ta gaje wurin, kafin nan kuwa ɓeraye sun sha shagali.

Ƙasa mai laushi, busasshiya, wadda aka kafce, ita ke kiran kyanwa. To, a hana ta wurin tsugunawa. A shimfiɗa rassan ƙayar bagaruwa ko magarya a kan fangali har shuka ta rufe ƙasa. Mai hali ya sa ragar waya irin ta akurkin kaji, tsiro zai fito ta ramukanta. Masu buhu su jera tsakuwa a saman ƙasar, ko su kafa gutsattsarin kara kusa-kusa. Ban ruwan yamma ma yana taimakawa, domin ba ta son jiƙaƙƙen wuri. Ɓawon lemo kuwa ƙamshinsa ba ya daɗewa, kada a dogara da shi. Sannan a daina watsar da ƙayar kifi da sauran tuwo a bakin rariya. Kai ka gayyato ta, kai kuma kake kuka.

Kashin da aka gani a kwashe shi a ranar, da shebur, ba da hannu ba. Yana iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma, wadda ke fara zama haɗari bayan kwana 1 zuwa 5, ta kuma yi sama da shekara da ranta a ƙasa mai danshi. Tana iya yi wa ɗan tayi illa, don haka kada a bar mai ciki da wannan aiki. Latas da karas da ake ci ɗanye a wanke su sosai.

Ku kuma masu kyanwa, ku tara mata yashi a wani lungu na gidanku, ku riƙa sauya shi. Maƙwabcinku bai yi shuka don ta zama masan kyanwarku ba.