Kafin Ka Zagi Sabis, Duba Agogon Wayarka

Yau ba sharhin fim na kawo ba, ku yi haƙuri. Mutum uku ne suka turo min hoton abu ɗaya cikin sati guda: sun je buɗe shafin da suke sauke waƙa, sai Chrome ya fito da jan gargaɗi, "Your connection is not private", ya ƙi wucewa. Ɗaya ma cewa ya yi an yi masa kutse a waya. Ni kuwa abin nan ya taɓa hana ni aikin yini guda, shi ya sa na ce bari mu zauna a kansa.

Waɗanda suka san ni sun san ina aiki a wani shago a Yelwa, muna buga takardu, muna kuma tace bidiyon biki. Kwamfuta uku gare mu, da wata ta huɗu a lungu wadda ita ce rumbunmu: duk bidiyon da aka ɗauko, na biki ne ko na Rigata, can ake zubawa, mu kuma mu shiga ta burauza ta wani ɗan shafi na cikin gida wanda daga waje ba a ganinsa. Wata safiya na zo zan ɗauko bidiyon wata amarya daga Shanga, danginta na zaune suna jira, shafi ya ce atafau. Na kashe na kunna, na canza waya, na zagi sabis, alhali shafin ko data ba ya ci. Sai wajen azahar na lura sauran kwamfutoci biyun lafiya lau suke shiga. Da na kalli kusurwar allo, ashe tawa tana nuna kwanan watan shekarun baya ne.

Ga yadda abin yake. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida da yake nuna wa burauza kafin a fara magana. Ku ɗauke ta kamar takardar da baƙo yake zuwa da ita: ga sunansa, ga ranar da aka ba shi, ga ranar da za ta daina aiki, ga sa hannun mai unguwa. Mai unguwar kuma dagaci ya san shi, dagaci hakimi ya san shi, har a kai ga wanda kowa ya yarda da shi. Wayarka tun daga kamfani ta zo da jerin waɗannan manyan da ta yarda da sa hannunsu. Burauza tana duba abu uku: sunan ya dace da shafin? Lokacinta bai wuce ba? Wanda ya sa hannu sananne ne? Ɗaya ya kuskure, sai jan gargaɗi.

Abin da yawancinmu ba ma yi shi ne karanta ɗan rubutun da ke ƙasan gargaɗin, alhali shi ne yake faɗin ciwon.

In ka ga ERR_CERT_DATE_INVALID, maganar lokaci ce. Fara da kanka. Burauza da agogon na'urarka take auna takardar, to in agogonka yana 2015, takardar bana a wajenta ba a ma haife ta ba. A kwamfutar tebur akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo in an ɗauke wuta. Namu ya mutu ne, kuma kun san yadda wuta take mana, ga mu a bakin ruwan Kainji amma sai a hankali. Batirin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba shi ya ci min yini. A waya kuma shiga saitin, wajen kwanan wata da lokaci, ka sa ta riƙa ɗauka da kanta daga sabis. In agogonka daidai yake, to takardar shafin ce ta ƙare. Yawancin ƙananan shafuka ta Let's Encrypt suke amfani da ita, kyauta ce amma kwana 90 take yi, in mai shafin bai sabunta ba babu abin da za ka gyara daga ɓangarenka.

ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID kuwa suna ne bai dace ba. A shago yana faruwa in mutum ya buga lambobin adireshin rumbun maimakon sunan da aka rubuta a takardar. Haka in ka hau WiFi na otal ko makaranta da ke son ka fara shiga shafinsu.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, wato ba a san mai sa hannun ba. Shafukan cikin gida irin na ofis da shago sau da yawa su suke rubuta wa kansu takarda su sa wa kansu hannu, to dole baƙuwar kwamfuta ta yi ƙorafi. Maganinsa a wurin aiki shi ne wanda ya haɗa shafin ya zo ya ɗora takardar a kan kowace kwamfuta, shi ke nan. Kar ku saba da danna "ci gaba" kullum, don ranar da matsalar gaske ta zo ba za ku bambance ba. Kuma kar ka ɗora takardar da wani ya turo maka ta WhatsApp, don in ka yi haka ka naɗa shi hakimi a wayarka, duk takardar da ya sa wa hannu za ta wuce.

Akwai kuma laifin tsufa. Wani abokina daga Wara ya kawo min wayarsa, YouTube yana buɗewa yana kallon Labarina da Izzar So, amma rabin shafukan waƙa sun ƙi. Agogo daidai. Da na duba, Android 6 ce. Wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 ba su da sa hannun Let's Encrypt a jerinsu, wata tsohuwar takarda ce take tsaya musu, ita kuma wannan dabarar ta ƙare a 30 ga Satumba 2024. Firefox yana zuwa da nasa jerin, in ya yarda ya hau wayar zai buɗe. In bai hau ba, gaskiya wayar ta yi nata.

To yaushe za a iya tsallake gargaɗin? Ni ra'ayina: shafin cikin gida da ka san wanda ya haɗa shi, ka kuma tambaye shi ya tabbatar maka. Amma duk inda za ka rubuta kalmar sirri, lambar kati, BVN ko NIN, in jan nan ya fito, rufe. Wasu shafukan irin na Google da Facebook ma ba za su ba ka maɓallin tsallakewa ba sam, kuma da gangan ne.

Abu ɗaya da ya shafe mu masoya fim kai tsaye: rashin gargaɗi ba ya nufin shafi na mutanen kirki ne. Ɗan damfara ma yana karɓar takarda kyauta da sunan shafinsa na bogi. Saboda mutane suna ɗaukar ɗan kwaɗon nan a matsayin shaidar amana ne Chrome ya cire shi a 2023 ya sa wata alama. Saboda haka linkin da ake yawo da shi a guruf, wai "yi rajistar shiga sabon fim, biya dubu biyu", ko da ya buɗe sumul, karanta adireshin harafi bayan harafi, sannan ka leƙa shafin jarumin ko furodusan na gaskiya ka ga ko shi ya sanar.

Bidiyon amaryar dai na miƙa shi bayan la'asar, yanzu kuma akwai batiri biyu ajiye a durowar shago.