Wasan Jefa Faifai: Filin Da Za Ki Iya Shirya Wa Yara Ba Tare Da Kin Kashe Sisi Ba

Uwargida, in kin lura, duk wani fili da ya rage a garuruwanmu, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, samari 'yan ƙwallo ne ke da shi daga la'asar har magariba. Ƙananan yara sai gefe. 'Yan mata kuwa ba a ma lissafa da su. Gaɗa da langa da 'yar gala-gala da muka tashi muna yi a dandali sun ja baya, yaro ya dawo daga islamiyya sai ya nemi wayarki ya lafe a ƙuryar ɗaki. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 kowace rana, babba kuma aƙalla minti 150 a mako.

Akwai wani wasa da ake yi a wuraren shaƙatawa na gwamnati a Amurka da Turai wanda nake ganin kamar don ƙasarmu aka ƙirƙiro shi. Su suna kiransa disc golf. Mu ce masa wasan jefa faifai, domin abin da ake jefawa faifai ne na roba, faɗinsa bai wuce santimita 21 zuwa 22 ba, nauyinsa kuma doka ta hana ya wuce giram 200.

Yadda ake yi babu wuya. Ana kafa kwanduna 9 ko 18 a warwatse cikin fili. Mai wasa zai tsaya a inda aka shata, ya wurga faifai wajen kwando na farko. Inda ya faɗi, nan zai je ya tsaya ya sake wurgawa, har sai ya shiga. A ƙirga jifa nawa ya yi, a wuce kwando na gaba. Wanda ya gama zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee, shi ya shirya filin dindindin na farko a 1975 a wurin shaƙatawa na Oak Grove da ke jihar Kalifoniya. A lokacin ma babu kwando, sanduna kawai aka kakkafa, in faifai ya bugi sanda an ci. Daga baya ne ya ƙera kwando mai sarƙoƙi da ke cafke faifan. Bayan Amurka, ƙasar Finlan na cikin ƙasashen da suka fi yawan filayen, kuma akasarinsu shiga kyauta ne.

Ki riƙe wannan batu na sanda, domin shi ne ya sauƙaƙa mana komai. Mu ma ba ma buƙatar kwando. Gindin darbejiya ya isa. A ɗaura masa tsumma mai launi ko a shafa masa farar ƙasa, ya zama wurin ci.

Abin da masu wasan ke yabo a fili shi ne wuyarsa. Fili fetal ba ya burge su. Suna son wanda itatuwa suka tsare hanya, sai mutum ya lanƙwasa jifa ta zagaye su, wanda iska ke kaɗawa ta inda ba a zata ba. Har doka suke sa wa cewa dole faifai ya bi ta dama ko ta hagun wata bishiya, in ya kuskure a ƙara wa mutum jifa ɗaya. To mu da muke bakin iyakar Nijar, me muka rasa? Layukan darbejiya da aka dasa don tare hamada suna nan, ga aduwa, ga gawo, ga kuka. Iskar hunturu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana busowa daga arewa maso gabas, ba ta neman izinin kowa. Yaro zai gano da kansa cewa in ya jefa yana fuskantar iska faifan sama yake tashi ya karkace, in iskar na bayansa kuma ƙasa take danna shi. Zai gano cewa na-dama in ya wurga da bayan hannu, faifan hagu yake karkata idan ƙarfinsa ya ƙare. Ƙarfi kaɗai ba ya ci a nan, shi ya sa yarinya 'yar shekara tara mai natsuwa za ta iya kayar da yayanta mai gaggawa. Wannan ne ya fi ja na zuwa ga wasan.

Me za a jefa? Faifanmu na saƙa ya yi sakayau, iska za ta tafi da shi, sai dai a tsakar gida. Farantin roba mai ɗan lanƙwasasshen baki, a kife shi, ya fi tafiya. Murfin ƙaramin bokitin roba ma yana yi. Kowane yaro ya sa wa nasa alama. Amma murfin langa, murfin tukunya, ko na gwangwani, kada ki bari ko da wasa. A wurin aiki mun sha ɗinke goshin yara saboda abin da bai kai wannan kaifi ba, kuma yankan ƙarfe mai tsatsa yana jawo maganar allurar tetanos.

Wajen shirya fili, fara da wurin ci biyar, tsakanin kowanne taku 30 zuwa 50 ga ƙanana. Harabar makarantar firamare ranar da babu karatu, ko gefen filin idi, ko gonar da aka riga aka girbe aka kwashe kara. A nemi izinin hedimasta ko mai unguwa ko mai gona tukuna, kuma gara maigida ko wani babban wa ya je ya yi maganar. Da damina a bar gonaki kwata-kwata.

Yanzu ga inda rigar aikina za ta yi magana. A can, sukan bi da fili ta gefen tafki da gangan don ƙara wuya, faifai ya faɗa ruwa a ƙara wa mutum jifa. Mu kada mu kwaikwayi wannan. Kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cin yara a jihar nan kusan kowace damina, kuma yaron da farantinsa ya faɗa ruwa zai bi shi, komai gargaɗin da kika yi masa. Haka bakin titi, musamman hanyar Maigatari ranar Alhamis da manyan motocin shanu ke zirga-zirgar kasuwa. Haka jikin katangar maƙwabta, don kada ɗauko faranti ya zama haura gidan mutane.

Doka ɗaya daga cikin dokokin wasan ita ce ta fi kare ido: wanda faifansa ya fi nisa da wurin ci shi ke fara jefawa, sauran duk su tsaya a bayansa. Babu mai wucewa gaba sai kowa ya jefa. In tsautsayi ya sa faranti ya sami ido, kada a murza, kada a ɗiga nono ko kwalli ko wani maganin gida. A rufe da tsumma mai tsabta ba tare da dannawa ba, a kai asibiti. Su sa takalmi saboda ƙaya da ƙarangiya, kuma in faifai ya shige ƙarƙashin tarin kara ko duhuwa, da sanda za a jawo shi, saboda kunama da maciji. Mai asma ya haƙura ranar da hazo ya yi kauri. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wasa sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu. Yaron da ya fara ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya ƙi dawowa daidai, asibiti nan take.

Na san da yawa cikinmu fita fili ba ta taso ba. Tsakar gida ma fili ne. Turmi wurin ci na ɗaya, kwandon wanki na biyu, bokiti a bayan rumbu na uku, igiyar shanya ta zama shingen da dole a bi ta ƙarƙashinsa. A nisanci murhu da rijiya. Ke ma ki karɓi faranti ki shiga layi. Sunkuyawa, miƙewa da zagayen nan motsa jiki ne na gaske, irin wanda muke ta roƙon masu hawan jini da ciwon suga su riƙa yi, su ce mana ina lokaci, ina wuri.

Rigimar da za ki fi fama da ita ita ce ta ƙirga. Kowa zai rantse jifa uku ya yi. Ki ba kowane yaro gwangwanin madara, duk jifa ɗaya wani daban ya jefa masa tsakuwa a ciki, kada shi ya sa da hannunsa. In an gama zagaye a juye a ƙirga a gaban kowa. Ƙarami a ba shi rangwamen taku goma gaba da layin manya. Da an ga rana ta yi ja, a tattara faranti a wanke, don da su za a ci tuwon dare.